Gado Injiniya da Wayar Haƙoran Balki

A Gaya in ka ce kana neman Gado, sai a tambaye ka wanne. Amma in ka ce Gado Injiniya, ko ɗan kabu-kabun da ya shigo gari jiya zai kai ka har gindin bishiyar bedin da ke bayan tashar kamiyo, wato manyan motocin ɗaukar kaya, inda yake harɗe kan tsohuwar taya yana koya wa duniya yadda ake tafiyar da ita. Sunan shi ya raɗa wa kansa. Lekol kuwa, makarantar boko ke nan, a aji biyar ya tsaya, kuma har gobe yana rantsuwa ba korarsa aka yi ba, mushe, wato malamin ajinsu, shi ne ya roƙi ubansa a cire shi don tambayoyinsa sun fi ƙarfin littafi. Ya taɓa gyara wa wani tela fanka, ta koma tsotsar iska maimakon hurawa. Gado ya ce ai irin ta Faransa ke nan, telan ne bai waye ba.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka datse gadar Malanbil, wadda ake bi a ƙetare iyakar ƙasa, da kwantenoni. Kamiyoyi suka yi layi suna tsatsa, direbobi suka koma shan shayi da gulma, fadar Gado ta cika da masu saurare. Sai dai mutum guda da yake so ta saurare shi ta ƙi. Balki ke nan, bazawara mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, mace mai abin hannunta da kaifin baki. Shekara biyu yana zarya a zaurenta, amsarta ɗaya: ba ta auren mutumin da sana'arsa labari ce.

Ita Balki haƙoranta na sama sun ɗan leƙo waje tun tana yarinya. Kafin a rufe gada ta je Paraku, can ƙetaren iyaka, wani likitan haƙori ya ɗaura mata waya, irin siririn ƙarfen nan da ake manna wa haƙora yana jan su a hankali har su hau layi. Matan unguwa suka ce ta sa wa kanta linzami. Duk bayan ƴan makonni sai an ƙara jan wayar, kuma duk ranar da aka ja, bakin nan sai ya yi mata tsami.

Wata Litinin Gado ya same ta a tsakar gida, ta ɗaure haɓa da ɗankwali, ga kwanon kunu a gabanta, maƙwabciyarta Kadi tana mata fifita.

"Sannu Hajiya. Wa ya mutu?"

"Ni ce," in ji Balki ta tsakanin haƙora. "Kwanciyar ce kawai ban yi ba."

Kadi ta yi masa bayani. Tun da aka rufe gada Balki ba ta komawa Paraku, don ko kasuwar Malanbil za a ba ta kyauta ba ta shiga kwalekwale. Sai ta tafi Yamai, wani likita ya ja mata wayar shekaranjiya. Ya ja da kyau, amma shi ba shi da fitilar.

"Wace fitila?"

Balki ta sassauta ɗankwali. "Na Paraku in ya gama, sai ya sa mini baƙin tabarau, ya ɗauko wani abu kamar biro mai jan haske, ya ɗora kan dasashi, haƙori bayan haƙori, yana duban agogo. Ba zafi, ba sanyi. In na dawo gida ciwon kaɗan ne, har tuwo nake ci. Lazer yake ce masa, wai mai ƙaramin ƙarfi."

"Ƙaramin ƙarfi!" Gado ya tafa hannu, ya dubi sama. "Kin ji cuta ko? Babban yana ɗaki ya ɓoye. Yana tsakuro miki kaɗan-kaɗan kamar mai awon yaji, don ki yi ta komawa. Ni da na karanci lazer ciki da waje..."

"A ina?" in ji Kadi.

"A inda ake karantarsa."

"Aji biyar ɗin?"

"Ke Kadi, fifita aka sa ki, ba jarrabawa ba."

Balki ta so yin dariya, ciwo ya tare ta. Ta dafe kunci ta ce, "Injiniya, ga rake can Yaya Siddo ya aiko daga Tunuga, sai kallo. In ka kashe mini ciwon ga kafin Juma'a, ka turo magabatanka. Kadi shaida ce. In kuma Juma'a ta same ni da shi, kada in ƙara ganin takalminka a zaurena."

Gado ya fita yana taka ƙasa kamar shi ya shimfiɗa ta. Kafin la'asar ya aika ƙauyensu Tanda a gaya wa kawunnansa su wanke riguna.

Kayan aiki na farko a hannun Labo ya samo shi. Labo direban kamiyo ne, Bagobiri, wata takwas motarsa na tsaye a tasha. Tun da Gado Bazabarme ne, wasan da ke tsakanin kabilunsu ya ba su lasisin zagin juna daga safe har yamma. A jikin makullan Labo akwai wata ƴar fitila ta ƴan Sin mai fitar da jan ɗigo.

"Ba ni wannan, Bagobiri. Kai da kuren karnuka kawai kake yi da shi."

"To bawana, kai mi za ka yi da shi?"

"Aure."

"Wallahi sai na zo kallo."

Ranar Talata aka zaunar da Balki kan turmi. Gado ya ɗaura mata baƙin tabarau na masu liƙin ƙarfe, ya sa farar riga da ya aro wurin mahauci, ya ja da baya taki uku, ya rufe ido ɗaya kamar maharbi.

"Likitan Paraku kan dasashi yake ɗorawa," in ji Kadi.

"Don idonsa ba shi da saiti. Hajiya, buɗe."

Ta buɗe. Jan ɗigon ya sauka kan goshinta. Ya gangaro hanci, ya tsallake bakin gaba ɗaya, ya faɗa ƙirjin zani, ya yi ta rawa, don hannun Injiniya ya sha shayi kofi huɗu. Daga nan ya sulale ya tsaya cak kan babban yatsan ƙafarta. Zakaran Kadi, wani jan ƙato mai mugun hali, tun ɗazu yana bin ɗigon da ido ɗaya. Ya kwaso da gudu ya sakar masa sara.

Balki ta yi ƙara, ta miƙe ba ta gani, ta yi fatali da kwanon kunu. Gado ya firgita ya ɗaga fitilar, ɗigon ya koma kan tsagen kuncin Labo, zakara ya tashi sama ya bi shi. Labo ya zagaya rijiya sau biyu yana kiran sunan uwarsa.

Da ƙura ta lafa, Gado ya tsuguna gaban Balki. "Tsakaninki da Allah, lokacin da ya sare ki, kin ji ciwon haƙori?"

"Ina na ji, yatsana zai fita!"

"Kun ji ko? Ya fara aiki. Ƙarfin ne ya yi kaɗan."

Ranar Laraba Gado ya zo da moto, wato babur. Ya yi lissafi a ƙasa da tsinke cewa jar fitilar bayan moto ta ninka ta makulli sau ɗari biyu da ƴan kai. Aka kafe moton a tsakar gida, aka ɗaure zakara, aka shimfiɗa wa Balki tabarma daidai bayan taya. Matan maƙwabta suka jeru kan katanga. Labo ya hau, aikinsa ya taka birki don fitila ta kama.

"Injiniya, ga bututun hayaƙi nan yana kallona," in ji Balki.

"Kallo ne kawai. Buɗe. Bagobiri, taka!"

Fitila ta yi ja. Gado ya leƙa bakin, ya girgiza kai. "Rana tana sace mana haske. Ƙara wuta!"

"Bawana, in na murɗa..."

"Kai direba ne ko likita? Murɗa!"

Labo ya murɗa. Moton nan man da ke cikinsa na kwalba ne, wanda aka tsoma wa abin da Allah kaɗai ya sani. Ya yi tari sau biyu, ya yi wata irin ɓarin iska, ya turo baƙin hayaƙi dunƙule guda cikin bakin Balki. Kafin ta gama tari moton ya zame daga inda aka kafe shi, ya zabura da Labo a kai, ya tsinke igiyar shanya, ya yafa zannuwa uku, ya shige akurkin kajin Kadi ya mutu a can. Matan katanga har da masu faɗowa don dariya.

A daidai nan Siddo ya yi sallama. Shi ne yayan Balki, kuma shi zai ba da ita, manomin shinkafa ne da magana ke masa tsada. Ya dubi ƙanwarsa, fuska baƙi ƙirin, sai da'ira biyu farare inda tabarau ya zauna. Ya dubi ƙafafun Labo da ke leƙowa daga akurki. Ya dubi rigar mahauci.

"Wanga shi ne mai neman auren?"

"Ni ne, Alhaji. Ka tarar da mu tsakiyar mataki na biyu."

"Matakan nawa ne?"

"Uku. Gobe na ƙarshe, kuma a gaban jama'a za a yi, don kada wani ya ce an yi rufa-rufa."

Siddo ya juya ga ƙanwarsa. "Balki, ke kika yarda da wanga abu?"

"Yaya, ciwo ne. Ko jaki ya ce ya iya, sai in buɗe masa baki."

Gado ya ɗauki wannan a matsayin yabo.

Daren nan ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi laushi, gari ya ɗau ƙamshi. Washegari Gado ya yi aikin kwana biyu a cikin wuni ɗaya. Ya je wurin mai kayan kiɗan biki ya aro fitilar rawa, irin mai juyi tana feshin jan haske da kore. Ya sa Labo ya kwance fitilar gaban kamiyonsa, suka naɗe ta da jar leda, suka turo batir biyu a baro. Kujera kuwa ta mai aski ce, mai kwanciya baya. Ya ce a bakin kogi za a kafa, kusa da matsayar kwalekwale, don lazer mai babban ƙarfi yana son sanyin ruwa, kuma sai an sallame magariba, lokacin da rana ta daina sata. Ya bi fada-fada yana shela. Duk wanda ke da ciwon haƙori, ciwon kunne, ko mata mai yawan magana, ya zo ya ga abin da Paraku ke ɓoyewa.

Gaya kuwa gari ne da aiki ya tsaya, kallo ya yi tsada. Direbobi suka zo, ƴan dako suka zo, masu tuƙin kwalekwale suka ɗaure jirage, masu soya ƙosai suka matso da kaskonsu. Kawunnan Gado biyu da suka iso daga Tanda da ƙullin goro aka ba su benci a gaba, kusa da Siddo.

Wani tsohon masunci, Hama, ya zagaya fitilar kamiyon yana taɓe baki. "Ɗana, jiya aka yi ruwan fari. Ko mu da kogin ga ya haifa, yau ba mu kunna..."

"Baba, kifi ka sani. Wanga kimiyya ce."

"To," in ji Hama. Ya juya ya ce wa matarsa ta je gida ta kwaso manyan kwanoni.

Balki ta iso cikin sabuwar atamfa, ba ɗaurin haɓa, har da jan baki. Ta matso kusa da Gado ta rage murya. "Injiniya, tsaya in gaya maka wata magana."

"Majinyaci ba ya magana kafin aiki," in ji Gado da ƙarfi, don na baya su ji.

"Kai dai saurara, tun da safe..."

"Tsoro ne, jama'a. Kowa da irin nasa. Zauna, Hajiya."

Ta dube shi, ta dubi taro, ta yi ajiyar zuciya ta zauna. Ya kwantar da kujera, ya ɗaura mata tabarau, ya zaro totuwar masara daga aljihu ya kafa mata tsakanin haƙora don kada baki ya rufe. Sannan ya juyo ya yi wa jama'a jawabi kan haske, da yadda Turawa suka sace shi daga wurin kakanninmu, har mai ƙosai ta ce in bai fara ba ita za ta tafi.

"Bagobiri, haɗa!"

Labo ya manna waya kan batir. Fitilar kamiyo ta buɗe ido, fuskar Balki ta yi jajir kamar garwashi. Fitilar rawa ta fara juyi. Jama'a suka ce "Kai!" gaba ɗaya. Gado ya ɗaga hannu yana ƙirga da Faransanci, ya kai goma sha shida, inda nasa ya ƙare, ya koma farko.

Gina ta farko, irin garar nan mai fiffike da ke bin haske, ta sauka kan hancin Balki. Ta biyu ta shige kunnen Gado. Kafin ya kaɗe ta, ƙasar bakin kogi ta buɗe. Duk wata gina da ruwan fari ya tasa daga nan har Tanda ta ga hasken nan, ta taho gayya. Suka rufe fitila, suka rufe kujera, suka rufe farar riga, fukafukai na zuba kamar ana shiƙar gero. Hasken kuwa bakin Balki aka saita shi, kuma bakin a buɗe yake da totuwa.

"Gina! Gina ta fito!" wata ta yi kururuwa.

Nan shaidu suka watse, ba don gudu ba, don kwasa. Mata suka kwance kallabi, direbobi suka cire huluna, matar Hama ta dire kwanoni da ruwa a gindin kujera tana ture mutane da gwiwar hannu. Kawun Gado guda ya juye goron aure a aljihu ya shiga tara gina a ƙullin. Kadi tana share su daga fuskar Balki da tafin hannu tana zubawa a zani, tana cewa, "Yi haƙuri ƙawata, kada ki motsa, a kanki suka fi taruwa."

"Ku ja baya! Wurin aiki ne!" Gado yana ihu, gina na shiga bakinsa.

Balki ta yi yunƙurin tofarwa, ta datse totuwar da ƙarfi. Aka ji ƙas! Ta wuntsilo daga kujera, ƙafarta ta kwashe sandar da aka ɗaura fitilar rawa. Fitilar ta faɗi rigingine kan baro, ba ta mutu ba, sai ta ɗaga kai ta shiga harba jan haske da kore can kan gada, tsakiyar kwantenonin da sojoji ke gadi. Ja, kore, ja, ja, kore.

Labo ya dubi inda hasken ke sauka, ya dubi Gado. "Bawana, ni ban san ka ba."

Ba a yi minti biyar ba motar soja ta tsaya da ƙura. Kowa ya daskare da kwanonsa a hannu. Wani sarjan dogo ya sauko, ya taka a hankali har gaban batir, ya fizge waya. Duhu ya rufe wurin, sai fitilar hannunsa.

"Wa ke aika sigina ƙetare?"

Hannuwa kusan ɗari, duk da gina a ciki, suka nuna mutum guda.

"Ranka ya daɗe, ba sigina ba ce," in ji Gado, yana ƙamewa. "Lazer ne. Maganin ciwon haƙori."

"Haƙorin wa? Na gada?"

"Na Hajiya. Gadar tsautsayi ne."

"Kai likita ne?"

"Injiniya."

"Takardarka."

Gado ya lalubi aljihun rigar mahauci, ya fito da wata totuwar ta ko-ta-kwana. Sarjan ya haska ta, ya haska shi, ya haska fitilar kamiyo da jar ledarta da ta fara narkewa. Wani soja a bayan mota ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Ina majinyaciyar?"

Balki ta taso, ta tuɓe tabarau, fukafukai manne da jan bakinta. Wayar haƙoranta ta ɓalle daga gefe, tsininta ya miƙe ya soki kunci ta ciki, sai da ta sa yatsa ta riƙe shi kafin ta iya magana. Gado ya matso da sauri.

"Hajiya, gaya musu. Ciwon da kika zo da shi, yana nan?"

"Ban zo da ciwo ba."

"Kun ji!"

"Tun da asuba ya tafi don kansa, kamar yadda ya saba in ya kwana biyar. Da hantsi rake biyu na shanye. Abin da na jawo ka gefe in gaya maka ke nan, ka kwashe tarkacen ga, ka turo mutanenka gobe. Ka ce majinyaci ba ya magana. Na ce to, bari in zauna ya yi wasansa, in tashi in ce na warke, ya samu abin faɗi gaban Yaya." Ta tofar da fiffike. "Yanzu ga waya ta tsinke. Gobe sai Yamai, a sake ɗaurewa, a sake ja, ciwo ya dawo sabo fil."

Kwaɗi na gefe suna tauna rabonsu. Siddo ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya dubi kawunnan Gado.

"Ku gai da mutanen Tanda," ya ce.

Sarjan ya kama Gado a kafaɗa ya nufi mota da shi. "Za ka zo ka yi wa manya bayanin kimiyyarka. Hajiya, kada ki damu, tambayoyi ne kawai. Gobe da safe za mu sake shi."

"Ranka ya daɗe," in ji Balki, yatsa a kunci, "in da hali ku riƙe shi har Juma'a ta wuce."

Dariyar da ta tashi sai da aka ji ta a Malanbil. Aka ɗora Injiniya bayan mota tsakanin soja biyu. Mota ta tashi, ya dafa ƙarfe ya miƙe tsaye, rigar mahauci na kaɗawa, ya ɗaga murya yadda duk bakin kogi zai ji.

"Jama'a, kun dai ji da kunnenku, ciwon farko ya tafi kafin Juma'a! Wanga na yanzu sabo ne, ba shi cikin alkawari! Kawu, kada ku cinye goron!"